Tsakanin Aiki Biyu: Wa Ya Cancanci Kuɗin Hutun Dole a Birtaniya Lokacin Annobar Korona?

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau ya faru ne a ƙasar Birtaniya tsakanin watan Maris na 2020 da watan Satumba na 2021, lokacin da annobar korona ta tilasta wa Gwamnatin ƙasar ta ɗauki nauyin albashin miliyoyin ma'aikatan kamfanoni. Ba dukan shirin zan bi ba, domin yana da faɗi ƙwarai. Zan tsaya ne a kan tambaya guda: mene ne matsayin mutumin da ya bar wani aiki ya kama wani a daidai lokacin da annobar ta faɗo? Amsar wannan tambaya za ta nuna mana wani abu da ya kamata kowane ma'aikacin Gwamnati ya sani, watau duk lokacin da hukuma za ta biya jama'a masu yawa cikin gaggawa, abin da ke rubuce a rajistarta shi take bi. Wanda sunansa bai shiga ba a ranar da aka shata, kome gaskiyarsa, yana iya tashi hannu wofi.

Asalin Shirin

Ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annobar da ta game duniya. Ranar Juma'a, 20 ga Maris, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya ba da umurni a rufe gidajen abinci da mashaya da gidajen silima da wuraren motsa jiki. A wannan rana ce kuma Ministan Kuɗi, Rishi Sunak, ya ba da sanarwar Shirin Riƙe Ayyuka. Bayan kwana uku, ranar 23 ga wata, aka sanar da dokar kulle a ƙasar baki ɗaya.

Manufar shirin ita ce kada kamfanoni su sallami ma'aikatansu saboda ciniki ya tsaya. Maimakon sallama, sai kamfani ya ce wa ma'aikaci ya zauna gida, sunansa yana nan cikin jerin ma'aikata, Gwamnati kuma ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashinsa, amma abin da za ta biya ba zai wuce fam 2,500 a wata ba. Wannan zaman gida shi zan riƙa kira hutun dole a cikin wannan lacca. Alal misali, mai albashin fam 2,000 a wata zai sami fam 1,600. Wanda albashinsa ya kai fam 3,125 shi ne ya taɓa iyaka, kuma duk wanda ya fi haka fam 2,500 ɗin nan zai karɓa, sai fa in kamfaninsa ya ga dama ya cika masa daga aljihunsa. A watannin farko Gwamnati ta ɗauki har da kuɗin inshorar ƙasa da mafi ƙarancin kason fensho waɗanda kamfani ya saba biya a kan ma'aikacinsa. An mayar da farkon shirin baya zuwa 1 ga Maris, aka buɗe hanyar neman kuɗin ta intanet ranar 20 ga Afrilu.

Akwai sharuɗɗa uku da ya kamata mu riƙe tun yanzu, domin a kansu sauran bayanin zai hau. Na farko, kamfani ake ba kuɗin, shi kuma ya biya ma'aikaci. Ma'aikaci ba shi da hanyar nema da kansa. Na biyu, babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya sa kowa hutun dole. Yarjejeniya ce tsakanin ɓangarorin biyu, wadda ake tabbatarwa a rubuce. Na uku, tilas ne sunan ma'aikacin ya kasance cikin rajistar albashin wannan kamfani a wata rana da Gwamnati ta ƙayyade. Wannan rana ita zan kira ranar iyaka.

Yadda Hukumar Haraji Take Sanin Ma'aikaci

Kafin mu fahimci ranar iyaka, sai mun duba yadda hukuma take sanin cewa wane yana aiki a wuri kaza. Tun 1944 Birtaniya ke da tsarin yankar haraji daga albashi kafin ya kai hannun mai shi, irin wanda ma'aikatanmu suka sani. A 2013 aka ƙara masa wani sharaɗi: duk lokacin da kamfani zai biya albashi, tilas ya aika wa Hukumar Haraji da Kwastan rahoto ta kwamfuta, a ranar biyan ko kafin ranar, mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da abin da aka biya shi da abin da aka yanke. Mu kira shi rahoton albashi.

To, a lura da wannan. Hukumar ba ta jin labarin sabon ma'aikaci ranar da ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki, ko ranar da ya fara zuwa ofis. Sai ranar albashinsa na farko sunansa yake isa gare ta. Mai karɓar albashin mako-mako yakan bayyana cikin 'yan kwanaki. Mai karɓar na wata-wata kuwa yana iya yin mako huɗu yana aiki, hukuma ba ta san da shi ba. A zaman lafiya wannan tazara ba ta cutar da kowa. Da annoba ta zo, ita ce ta raba ma'aikata gida biyu.

Ranar Iyaka ta Farko da ta Biyu

Da aka fitar da cikakken bayanin shirin ranar 26 ga Maris, 2020, ranar iyaka ita ce 28 ga Fabrairu. Duk wanda ya kama aiki bayan wannan rana, sabon kamfaninsa ba shi da ikon neman kuɗi dominsa. Nan da nan kuka ya tashi, gama watan Maris lokaci ne da mutane da yawa ke kama sabon aiki, kuma da yawa daga cikinsu sun ba da notis ɗin barin tsohon aikinsu tun Janairu ko Fabrairu, lokacin da ba wanda ya yi tsammanin za a rufe ƙasar.

Ranar 15 ga Afrilu sai Baitulmali ta matsar da ranar zuwa 19 ga Maris, watau jajiberin ranar da aka sanar da shirin. Gwamnati ta ce wannan sauyi zai amfani ma'aikata fiye da 200,000. Amma tare da sauyin aka fito da sharaɗin a fili: bai isa a ce mutum ya fara aiki kafin 19 ga Maris ba, sai an riga an aika da rahoton albashi mai ɗauke da sunansa a ranar ko kafinta.

Bari mu ɗauki misalin mutum uku, don abin ya fito sarai. Na farko ya fara aiki a wani gidan abinci ranar Litinin, 2 ga Maris, ana biyansa kowace Juma'a. Sunansa ya isa Hukumar Haraji ranar 6 ko 13 ga wata, saboda haka ya cancanta. Ta biyu ta fara aiki a wani ofis a wannan rana ta Litinin, amma albashinta na ƙarshen wata ne. Rahoton farko mai sunanta bai tafi ba sai wajen 27 ko 31 ga Maris, saboda haka ba ta cancanta ba, alhali kuwa rana ɗaya suka fara, kwanakin aikinsu ɗaya. Na uku ya ma riga su, domin ya fara a makon ƙarshe na Fabrairu, sai dai an riga an rufe lissafin albashin wannan wata, aka ce za a haɗa masa da na Maris. Bisa ga bayanin farko yana iya zaton ya tsira, tun da ya kama aiki kafin 28 ga Fabrairu. Da aka fito da sharaɗin rahoto, sai ya tarar shi ma yana waje.

Kun ga ke nan abin da ya raba waɗannan mutane uku bai shafi ƙwazonsu ko buƙatarsu ko harajin da suka biya shekara da shekaru ba. Kalandar ofishin albashi ce ta yanke musu hukunci.

Ƙofar Tsohon Kamfani

Gwamnati ta buɗe wata ƙofa guda. Ta ce duk wanda yake cikin rajistar wani kamfani ranar 28 ga Fabrairu, sa'an nan ya bar shi bayan haka, tsohon kamfanin yana da izinin ya sake ɗaukarsa ya sa shi hutun dole. Da farko maganar ta tsaya ga waɗanda aka sallama saboda rage ma'aikata, amma a farkon Afrilu aka bayyana cewa ta haɗa da waɗanda suka ajiye aiki don kansu. Kuɗin da za a biya kuwa bisa tsohon albashin ake lissafa shi.

A takarda wannan ya yi kama da magani. A aikace kuwa izini ne aka ba kamfani, ba a ɗora masa wajibi ba, kuma kamfanoni suna da dalilan ƙi. Da fari dai, kamfani ne yakan fara biyan albashin daga aljihunsa, ya jira Gwamnati ta mayar masa, ga shi kuwa ba a buɗe hanyar neman kuɗin ba sai 20 ga Afrilu. Sa'an nan ma'aikacin da ke hutun dole kwanakin hutunsa na shekara suna ci gaba da taruwa, kamfani ne kuma zai ɗauki nauyinsu. Har ila yau akwai tsoron abin da zai biyo baya in shirin ya ƙare: shin za a ɗauka shekarun aikinsa na da sun haɗu da na yanzu, har ya nemi kuɗin sallama? Daɗin daɗawa, akwai halin ɗan Adam. Mutumin da ya bar ka ya koma wurin abokin gasarka, ko kuka rabu baram-baram, ba lalle ne ka yi marmarin cika takardu dominsa ba. Waɗansu kamfanoni sun yi wannan karamci, waɗansu sun ƙi, wanda aka ƙi kuwa shirin bai tanadar masa wurin ɗaukaka ƙara ba.

Akwai kuma waɗanda ko wannan ƙofa ba su samu ba. Wanda ya bar tsohon aikinsa a tsakiyar Fabrairu, ya ɗan huta mako biyu kafin ya fara sabo a Maris, ba ya cikin rajistar kowa ranar 28 ga Fabrairu. Haka wanda aka yi wa alkawarin aiki a Afrilu, sabon kamfanin ya janye alkawarin kafin ya fara. Haka ma'aikatan kaka, irin na otal-otal da wuraren shaƙatawa na bakin teku, waɗanda bisa al'ada sai wajen bikin Ista ake ɗaukarsu, Istar 2020 kuwa ta faɗo ne 12 ga Afrilu. Waɗannan su ne Bahaushe zai ce ba tsuntsu ba tarko.

Wani abin da ya ƙara tsananta halinsu shi ne, a dokar ƙwadago ta wancan lokaci, sai ma'aikaci ya yi shekara biyu a jere a kamfani ɗaya kafin ya sami haƙƙin kuɗin sallama ko ikon kai ƙara a kan kora ba bisa ƙa'ida ba. Sabon ma'aikaci, ko da ya yi shekara ashirin a wurinsa na da, daga farko yake fara ƙirga. Saboda haka shi ne mafi sauƙin sallama, shi ne kuma wanda ba a iya sa shi hutun dole.

Ya kamata a bambanta waɗannan da waɗansu iri biyu da shirin bai bari a baya ba. Ma'aikatan da kamfaninsu ne aka sayar ko aka mayar da su ƙarƙashin wani sabon mai shi, an yarda sabon mai kamfanin ya nemi kuɗi dominsu, gama ba su ne suka canja aiki ba, aikin ne ya canja hannu. Mai aiki biyu kuma, kowane aiki daban ake lissafa shi, ana iya sa shi hutun dole a ɗaya yana ci gaba da ɗayan. Har ma wanda ke hutun dole yana iya kama wani aiki a wani wuri, in yarjejeniyar aikinsa ba ta hana ba. Abin da ba a yarda ba a watannin farko shi ne ya yi wa kamfanin da ya sa shi hutun wani aiki.

Abin da Ya Rage wa Wanda Aka Bari

Wanda ya rasa ƙofofin nan biyu, abin da ya rage masa shi ne tallafin da aka saba ba marasa aiki. Kuɗin mai neman aiki, ga wanda ya kai shekara 25 kuma ya biya inshorar ƙasa yadda ya kamata, a 2020 fam 74.35 ne a mako, watau kimanin fam 322 a wata. Ku auna wannan da fam 1,600 na misalinmu na baya. Akwai kuma babban tallafin marasa ƙarfi, wanda aka ƙara wa fam 20 a mako daga Afrilun 2020 zuwa farkon Oktoban 2021. Amma shi ana duba abin da iyali ke samu gaba ɗaya, wanda ajiyarsa ta wuce fam 16,000 ba ya samu, kuma sai an jira kimanin mako biyar kafin biyan farko. Ashe ke nan maƙwabta biyu masu sana'a ɗaya da albashi ɗaya, ɗaya yana iya biyan hayar gidansa, ɗaya yana cin ajiyarsa, bambancinsu kawai ranar da ɗayan ya canja aiki.

Hujjar Gwamnati

Ba daidai ba ne mu saurari ɓangare ɗaya. Hujjar Baitulmali ita ce tsoron zamba, kuma hujja ce mai ƙarfi. Da an ce duk wanda aka sa cikin rajista bayan sanarwar 20 ga Maris ya cancanta, da mai kamfani marar gaskiya sai ya rubuta sunan matarsa da ƙannensa da abokansa, ya ce ma'aikatansa ne, ya karɓi har fam 2,500 a kan kowane ɗaya kowane wata. Mu da muka san matsalar ma'aikatan bogi ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Rahoton da aka aika kafin kowa ya san za a yi shirin shaida ce da ba a iya ƙirƙira daga baya. Takardar ɗaukar aiki kuwa ana iya rubuta ta yau a sa mata kwanan watan jiya.

Hujja ta biyu ita ce sauri. An gina shirin cikin wata guda, aka kuma yi alkawarin biyan kamfani cikin kwanakin aiki shida bayan ya nema. Wannan ba zai yiwu ba sai kwamfuta ce ke gwada sunaye da abin da ke cikin rajista. Da ma'aikatan hukuma ne za su zauna suna duba takardu ɗaya bayan ɗaya, da miliyoyin mutane sun yi watanni suna jira. Duk da wannan tsaro ma, a watan Satumba na 2020 shugaban Hukumar Haraji ya shaida wa wani kwamitin Majalisa cewa suna aiki ne bisa zaton kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin ka iya salwanta ta hanyar kuskure ko zamba.

Ba Birtaniya kaɗai ta bi wannan hanya ba. Ƙasar Ayalan ta sa 29 ga Fabrairu, 2020, a matsayin ranar iyakar nata shirin, tare da sharaɗin rahoton albashi. Ostareliya ta sa 1 ga Maris, daga baya ta matsar zuwa 1 ga Yuli. 

Hukuncin Majalisa

A watan Yuni na 2020, Kwamitin Baitulmali na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin shugabancin Mel Stride, wanda ɗan jam'iyyar da ke mulki ne, ya fitar da rahoto a kan waɗanda tallafin Gwamnati ya tsallake. Ya ce sun haura miliyan ɗaya, kuma sababbin ma'aikata suna cikin rukunan da ya ambata. Ya ba da shawara a nemi hanyar shigar da su, ko ta matsar da ranar iyaka zuwa 31 ga Maris, ko ta karɓar waɗansu shaidu na cewa lalle an ɗauki mutum aiki. Gwamnati ba ta karɓi shawarar ba. A watan Oktoba na wannan shekara, Ofishin Binciken Kuɗin Gwamnati ya ƙiyasta cewa waɗanda ba su cancanci wannan shiri ko takwaransa na masu sana'ar kansu ba suna iya kaiwa miliyan 2.9. A kula, wannan adadi ya haɗa rukuni da yawa, masu canjin aiki kashi ne kawai daga cikinsa.

Yadda Ranar Ta Yi Ta Matsawa

Waɗanda aka bari a Maris ba su sami shiga da wuri ba. Daga 1 ga Yuli, 2020, aka yarda ma'aikaci ya yi aiki waɗansu kwanaki, ya yi hutun dole waɗansu, amma aka rufe shirin ga sababbin shiga: sai wanda aka riga aka sa hutun mako uku a jere kafin ƙarshen Yuni, wanda ya sa 10 ga Yuni ta zama ranar ƙarshe ta shiga. Daga Agusta kamfanoni suka koma biyan inshora da fensho, a Satumba kason Gwamnati ya sauka zuwa kashi 70, a Oktoba zuwa kashi 60, kamfanoni suna cika saura har ya kai 80. An shirya shirin zai ƙare 31 ga Oktoba.

A wannan rana ce aka sanar da kulle na biyu a Ingila, aka tsawaita shirin, aka mayar da kason Gwamnati kashi 80, aka kuma sa sabuwar ranar iyaka, 30 ga Oktoba. Sai a lokacin matar nan ta misalinmu ta cancanta, bayan wata bakwai da 'yan kwanaki, in har aikin nata bai riga ya tafi ba. Aka sake buɗe ƙofar tsohon kamfani ga waɗanda suke cikin rajista ranar 23 ga Satumba suka bar aiki bayan haka.

Amma sabon layi sababbin mutane yake bari a waje. Wanda ya kama aiki ranar 2 ga Nuwamba, 2020, ya shiga kulle na biyu ranar 5 ga wata, ya kuma shiga na uku a farkon Janairun 2021, duk ba tare da sabon kamfaninsa ya iya neman kuɗi dominsa ba. Sai daga 1 ga Mayu, 2021, aka shigar da irinsa, da aka sa ranar iyaka ta ƙarshe, 2 ga Maris, 2021. Wannan ya sa duk mai hutun dole da aka yi wa tayin aiki mafi kyau sai ya yi dogon tunani, domin barin tsohon wuri barin inuwa ne. Shirin ya ƙare ranar 30 ga Satumba, 2021, bayan ya tallafi ayyuka miliyan 11.7 a kamfanoni miliyan 1.3, ya kuma ci kimanin fam biliyan 70. A ranar da ya fi cika, a farkon Mayun 2020, ayyuka miliyan 8.9 ne ke ƙarƙashinsa.

Kammalawa

Shugaban taro, shirin da ya riƙe ayyuka masu yawa haka ba a ce masa ya gaza. Amma akwai darussa uku da nake so mu tafi da su.

Na farko, ga masu tsara manufa. Ranar iyaka tana hana ɓarawo shiga, tana kuma hana mai gaskiya. Tun da an san haka tun farko, ya kamata a tanadi ƙaramar ƙofa a gefe, inda jami'i zai duba shaidun 'yan tsirarun da layin ya tsallake. Mutumin da ya yi shekaru yana biyan haraji, hukuma tana da tarihinsa. Tana da ranar da tsohon kamfaninsa ya ba da rahoton tafiyarsa. Akwai wasiƙun ɗaukar aiki da aka aika ta intanet masu ɗauke da kwanan wata. A ganina, da an haɗa waɗannan an biya shi bisa tsohon albashinsa, da haɗarin zamba bai kai yadda aka ji tsoro ba. Dubawar za ta ɗauki lokaci, amma jinkirin biya ya fi rashin biya.

Na biyu, duk tallafin da aka bi da shi ta hannun kamfani, an ɗora rayuwar ma'aikaci ke nan a kan yardar ubangidansa. Wannan yana da amfani in manufar ita ce riƙe dangantakar aiki. Amma wanda ke tsakanin aiki biyu ba shi da dangantakar da za a riƙe, saboda haka shi tallafinsa sai ya zo kai tsaye daga hukuma. Ƙasar Jamus, wadda ta daɗe da tsayayyen tsarin biyan ma'aikatan da aka rage wa sa'o'in aiki, har ta yi amfani da shi a rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009, ba ta tsaya ƙirƙiro sabon shiri cikin mako huɗu ba, wanda take da shi ta faɗaɗa. Ƙa'idar da aka zauna aka tsara lokacin kwanciyar hankali ta fi wadda aka rubuta wuta tana ci.

Na uku, ga ma'aikatan da ke wannan zaure da ɗaliban da za su bi sahunsu. Akawun da ke shigar da sunan sabon ma'aikaci cikin jerin albashi, ko mai aika takardar wanda aka yi wa canjin wurin aiki, yakan ɗauka ƙaramin aiki yake yi, in bai yi yau ba ya yi makon gobe. Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna cewa tazarar kwana goma tsakanin fara aiki da shiga rajista ta iya raba iyali da abincin wata bakwai. Shi kuma mai shirin canja aiki, ya tabbata ya riƙe takardar ɗaukarsa a rubuce da kwanan wata, ya san ranar da sunansa zai fita daga wannan jeri da ranar da zai shiga wancan, ya kuma rabu da tsohon wurinsa lafiya, domin a Afrilun 2020 mutane da yawa ba su da wurin komawa sai ƙofar da suka fita.